Ranar da Na Jefi Iya Kande

Ranar wata Talata ce, a ƙarshen damina, a shekarar da jam'iyyu suka fara kafa tutoci a kowace mararraba ta Maraɗi. Ina da shekara goma sha huɗu. Da hantsi aka fita da gawar ƙanena Mamman Sani a naɗe cikin tabarma, ɗan ƙanƙani, mutum ɗaya ma ya isa ya ɗauke shi. Maza ba su kai ga dawowa daga maƙabarta ba kakata ta miƙe a tsakar gida, ɗankwalinta a hannu, ta faɗi sunan da mata suka kwana uku suna raɗawa a bayan ɗaki. "Kande ta cinye shi," in ji ta, "kamar yadda ta cinye Habsu." Ban san wadda ta fara fita ba. Na dai tsinci kaina cikin ayarin mata da yara muna gudu a lungu, ƙafa ba takalmi, har kangon da tsohuwar take zaune a ciki. Muka same ta durƙushe gaban tabarmar da ta shanya daddawa. Aka fara da zagi, sai watsa ƙasa, sai duwatsu. Ni ɓallin bulo na tsinta, mai kaifi, na matsa kusa don kada in kuskure, na jefe ta da iyakar ƙarfina. A baki ya same ta. Na ji ƙarar da ya yi a haƙoranta, na ga jini ya zubo a kan daddawar. Ba ta yi ihu ba. Hannu ta sa ta tare bakin, ta ɗago ta dube ni, ni kaɗai a cikin taron nan. Da liman da sauran maza ba su biyo ta wajen ba a hanyarsu ta dawowa, da a ranar an gama da ita. Na koma gida ina haki, mata suna shafa kaina, ina ji a raina na rama wa ƙanena.

Gidanmu yana unguwar Zariya, a zamanin da take bakin gari, gidaje jefi-jefi, tsakaninsu kangaye da 'yan gonakin gero da kuɓewa. Babana kafinta ne, a zaure yake aikinsa, kullum gidan yana ƙanshin katako. Ni ce babbar 'ya, don haka kafin in tafi lakwal, wato makarantar boko, sai na share tsakar gida, na ɗebo ruwa sahu uku a famfon unguwa, na zuba wa jajayen awakinmu dusa. Da marece in na gama surfe mu taru a gindin itacen bedi, wato dogon yaro, mu yi carafke da 'yar gala-gala har a kira magariba. Kangon Iya Kande yana kallon wannan itacen. 'Yar Tsibiri ce, wani gari kusa da Maraɗi, wani Alhaji ya bar ta ta kafa bukka a filinsa tana yi masa gadi. Danginta masu bin al'adar kakanni ne, ba a taɓa ganin ta da buta a hannu ba, 'ya'yanta duk sun rasu, idanunta kuma kullum jajur saboda hayaƙin dahuwar kalwa. In ɗorawa ta nuna takan ƙulla mana garinta a ganye, mu yi ta lasa har bakinmu ya koma rawaya. Mamman Sani ya fi kowa zama wurinta, don shi ba ya iya guje-guje. Yakan zauna a inuwar bukkarta yana kallonmu, ita tana kore masa ƙuda. Wannan zaman ne daga baya ya zama shaida a kanta.

Tun yana goye ciwon ya fara masa. Hannuwansa da ƙafafunsa su kumbura, ya yi ta tsala ihu in an taɓa shi. Da ya girma sai abin ya koma ƙashi. Ruwan sama in ya dake shi, ko ya yi wanka da ruwan randa, sai ya kwanta yana murƙususu yana cewa ana sara masa ƙafa da gatari. Idanunsa suka yi ɗorawa, cikinsa ya yi tulu, ga shi shekara bakwai amma kamar ɗan huɗu. Haka ƙanwata Habsu ta yi kafin ta rasu, shekara biyu kafin shi. An sha rubutu, an yi turare, an yi tsaga a gwiwa, an kira shi sanyi, an kira shi shawara. Asibiti ba a je ba sai sau ɗaya, aka ba da maganin zazzaɓi aka dawo. Bayan jifan nan Iya Kande ta yi wata guda ba ta fito ba. Da ta fito haƙoranta biyu na gaba babu, kuma ba wanda ya ƙara sayen daddawarta a unguwar, sai ta ɗauka a ka ta kai babbar kasuwa. Ba ta tashi ba, don ba ta da inda za ta. Ni kuwa in na hango ta sai in tofar da yawu in sake hanya.

A shekarar ina ajin ƙarshe na kwaleji, ajin da ake jarrabawar fita. Karatun shekarar bai yi kama da karatu ba. Yau malamai suna yajin aiki, gobe ɗalibai. Muna tsakiyar darasi sai mu ji usur daga bakin ƙofa, manyan ɗalibai na lise, makarantar da ke gaba da kwaleji, sun iso, sai ruwan duwatsu a kan kwanon aji. Wanda ya yi jinkirin fita a zane shi da reshen bedi. A kan titi a tarar da 'yan sanda, a ƙona taya, su harba barkonon tsohuwa, mu mata mu jiƙa gyale a randar masu shayi mu toshe hanci muna gudu. Na ga an fasa wa wani yaro kai da kulki a gaban shagon mai gyaran rediyo, na tsallake shi na wuce. Ranar taron jam'iyya kuwa samari su cika motoci da sanduna, in sun haɗu da na wata jam'iyyar a kwana ana ɗinke kawuna. Duka ya zama abin da ake tashi da shi a wuni da shi, a gida, a lakwal, a titi, har ba mu ɗauke shi komai ba.

A cikin wannan hargitsi aka kawo mana sabon malamin ilimin halittu, Mushe Abdu, don Mushe muke kiran malamai maza da Faransanci, siriri, mai tabarau, mai wata tsohuwar mobileti, ƙaramin babur, da sai an tura take tashi. Sauran malamai sukan cika allo da rubutu mu kwafa mu haddace. Shi bai yi haka ba. Ranar da zai fara darasin gado, sai ya ba na farkon kowane layi 'yar takarda mai jimla ɗaya, da Hausa, abin da ba mu taɓa gani ba a lakwal: "Inna ta aike ni in sayo kaza a kasuwa." Ya ce kowa ya kwafa da sauri daga na gabansa ya miƙa wa na baya nasa kwafin. Da ta iso ƙarshen layinmu aka karanta, sai ga Inna ta aiki yaro ya sayo kasa a kasuwa. Aji ya kece da dariya, ana tambayar wa ke sayar da maciji. Mushe bai yi dariya ba. Ya ce mu tattara takardun mu nemo inda kaza ta zama kasa. Muka bi ɗaya bayan ɗaya, muka tarar a hannun Lawali ne, wani yaro ɗan Jiratawa da ke zuwa da keke kullum. Harafi ɗaya ya karkace masa. Mushe ya tambaye mu laifin waɗanda suka biyo bayan Lawali. Muka yi ta gardama, a ƙarshe muka yarda ba su da laifi, abin da aka ba su suka kwafa. Sannan ya gaya mana cewa a jikin kowane mai rai akwai rubutu irin wannan, iyaye suna kwafa wa 'ya'ya, kuma wani lokaci harafi ɗaya yakan canza, ya yi ta bin zuriya har bayan an manta wanda ya faro a kansa. Ya rubuta sunan abin da Faransanci a allo, mutasiyon, ya ja layi a ƙarƙashi.

Daga nan ya raba mu biyar-biyar. Ya ce kowane rukuni ya nemo wani abu da ke bin dangi a cikin mutane ko dabbobi, ya bincika da kansa, ya dawo ya koya wa aji. In ka tambaye shi amsa sai ya ɗaga kafaɗa. "Kada ku kawo mini an ce," in ji shi, "ku kawo mini mun gani." Wasu suka ɗauki masu yatsa shida, wasu zabiya, wasu farin ɗan akuyar da jar akuya takan haifa jefi-jefi. Rukuninmu ni ce da ƙawata Sa'a da Lawali da wasu yara maza biyu. Lawali ya ce ɗan kawunsa yana da wani ciwo da majon asibitin garinsu, babban ma'aikacin jinya, ya kira emasi, wato amosanin jini, mu ɗauke shi. Muka ce ya kwatanta mana. Ya fara: kumburin hannu tun ana goye, ciwon ƙashi in an sha ruwan sama, idanu rawaya, ciki tulu. Ni ce mai rubutu a ranar. Sai na ga alƙalamin ya tsaya a hannuna. Sa'a ta dube ni ta sunkuyar da kai, don ita ma tana cikin ayarin ranar Talatar nan.

Lahadi huɗu muka yi muna zuwa Jiratawa, maza a keke, ni da Sa'a a bayan motar da ke ɗauko tumatir. Lokacin sanyi ne, fadamar ta yi kore shar, albasa da barkono da zogale, ruwa yana gudu a magudanan siminti, yara suna kama kwaɗi. Lawali yana gaba yana yi mana sallama. Ba kowane gida aka karɓe mu ba. A wani gida maigidan ya biyo mu da ƙotar fartanya, ya ce mun zo ƙirga masa matattu, har ya samu ɗaya daga cikin yaran a gadon baya. Amma mata, in muka zauna muna taya su ɓarar gyaɗa, sai su buɗe baki. Muka koyi zana bishiyar dangi yadda Mushe ya nuna mana, da'ira mace, murabba'i namiji, mai ciwo a cike shi da baƙi. Gida bakwai muka zana. A gindin wani mangwaro muka baje takardun muka yi ta musu. Wani ya ce ruwan fadama ne, muka ga maƙwabta ruwa ɗaya suke sha kuma nasu lafiya. Wani ya ce daga uwa ne, muka ga wata mata da ta haifi masu ciwo a gidan mijin farko, a na biyu kuwa ko ɗaya. Sa'a ce ta lura cewa iyayen nan duk lafiyarsu ƙalau, amma in ka hau sama a bishiyar sai ka tarar da baƙin tabo ta wajen uwa, ka tarar ta wajen uba. Abin da ni na lura da shi ban faɗa ba. A gida uku cikin bakwai an ambata mana sunan wadda ake zargi da maita, kuma kowane gida da tasa tsohuwar.

Da muka kai wa Mushe abin da muka samu, bai ce daidai ne ko ba daidai ba. Ƙwarya biyu ya ba mu, kowace da wake fari da ja a gauraye, ya ce ɗaya uwa ce ɗaya uba, mu rufe ido mu ɗauki ƙwaya ɗaya daga kowace, mu yi ta yi muna rubutawa. Da kanmu muka gano cewa sai fari ya haɗu da fari ciwon yake fitowa, kuma hannun da ke ɗauka bai san abin da yake ɗauka ba. Majon Jiratawa kuma ya bar mu muka leƙa madubinsa mai ƙara girman ƙananan abubuwa, muka ga jinin ɗan kawun Lawali, ƙwayoyin da ya kamata su zama kamar faifai sun lanƙwashe kamar lauje. A makon nan ina taya Inna tankaɗe na fara yi mata tambayoyi kamar da wasa. Ta ce wanta Ali ya rasu yana ɗan shekara shida, da ciwon sanyi. Ta ce ƙanwar Baba ta binne biyu masu irin wannan kumburin. Ita da Baba kuwa kakansu ɗaya. Na shiga ɗaki na zana tamu bishiyar a tsakiyar littafina, na cike Ali da baƙi, na cike Habsu, na cike Mamman Sani. Ali ya mutu tun Inna tana yarinya, a wani ƙauye da Iya Kande ba ta taɓa takawa ba.  Washegari bayan an tashi na nuna wa Mushe zanen, na gaya masa abin da na yi da ɓallin bulo. Ya daɗe yana goge tabarau. "Babu mai laifi a cikin wanga zane, Barira, har iyayenki," in ji shi. "Amma wadda kika jefa ba ta cikinsa."

Na riƙe maganar a cikina har bazara, don ban san ta inda zan fara ba. A lokacin an rufe lakwal, yajin ya ƙi ƙarewa, samarin unguwa suna zaune a gindin bedi da sandunan taron jam'iyya ba abin yi. Sai autarmu Nana, mai wata takwas, ta tashi da hannuwa a kumbure kamar an hura su. Kakata ta fara zagaye tsakar gida tana ambaton sunan nan. Na ɗauki littafina na sami Baba a zaure yana fere ƙafar kujera. Na durƙusa na buɗe masa zanen, na yi masa bayanin wake fari da ja. Ya saurare ni har na kai inda na ce abin a jininsa yake, shi da Inna. Ya ajiye abin aikinsa a hankali. "Ni na kashe ɗiyana ke nan?" ya tambaye ni. Na ce ba haka nake nufi ba, amma marin ya riga ya sauka. Ya yayyaga littafin, ya jawo igiyar guga ya ninka ta biyu. Ya dake ni a zaure, ya bi ni tsakar gida yana duka, na faɗi a kan turmi ya ci gaba, yana cewa abin da ake koya mana ke nan, mu zagi iyayenmu. Sai da Inna ta faɗo a kaina, igiyar ta same ta a wuya, sannan ya tsaya. Ban taɓa ganin hawaye a idon Babana ba sai ranar, kuma bai hana shi dukan ba.

Washegari bayan azahar samarin suka jawo Iya Kande a ƙasa tun daga kangonta har ƙofar gidanmu. An ce mayya in ta tsallake wanda ta kama, tsirara, kurwarsa za ta dawo. Kakata ta fito da Nana ta shimfiɗe ta a kan zane a tsakiyar lungu, rana tana dukan ta. Suka fizge zanen tsohuwar, mace sa'ar kakanninsu, suka tura ta. Ta tsallake sau uku, hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a gaba, tana cewa ita ba ta san komai ba, ita ba ta san komai ba. Nana ba ta daina ihu ba. Sai wani ya ce ta ƙi saki ne, ya sauke mata sanda a kafaɗa, sauran suka rufa. Baba yana tsaye a bakin zaure, bai ɗaga hannu ba, bai kuma hana ba. Na hango Sa'a a cikin taron, na yi mata ihu ta je ta kira Mushe, ni kuma na kutsa da jikina mai tsami na faɗa a kan tsohuwar. Sanda ta same ni a baya, wata a kunne, aka ja ni da gashi aka wurgar, na rarrafo na dawo. Ban san tsawon lokacin ba, sai na ji ƙarar mobiletin nan. Mushe ya jefar da ita ya shiga tsakiya da hannuwa a buɗe yana cewa ciwo ne, ciwon jini ne, a kai yarinyar asibiti. Wani ya ce ai shi ne ke lalata yara, wani ya ce ɗan waccan jam'iyyar ne. Sandar farko ta fasa masa tabarau a fuska. Ta biyu ya tare da hannu, muka ji ƙashin ya karye. 'Yan sanda ba su zo ba, duk suna cikin gari wajen masu zanga-zanga.

Inna ce ta tsayar da abin. Mace ce da ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ko sunan Baba ba ta faɗa, ko nawa, don ni ce 'yar fari. Ta fito ba mayafi, shatar igiya a wuyanta, ta ratsa maza ta ɗauki Nana daga ƙasa. Ta juya ta dubi kakata, uwar mijinta, a gaban duk unguwa. "Wana Ali haka ya mutu, Gwaggo, kina nan, ke kika yi mishi wanka," in ji ta. "Wa ya cinye shi?"  Ta kwance zanen goyonta ta jefa a kan Iya Kande, ta rungume Nana a ƙirji ta nufi titi da ƙafa. Sandunan suka yi ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Can sai hayaƙi ya tashi daga kangon, wasu sun cinna wa bukkar wuta, taron ya watse ya tafi kallo. Aka bar mu mu uku a lungu, ni da Mushe yana riƙe da hannunsa, da tsohuwar da ba ta motsi sai numfashi. Wani mai amalanke ɗan Tsibiri, da ya kawo itace, shi ya gane ta, ya ɗora ta a kan amalanken ya tafi da ita.

A asibiti aka auna jinin Nana, aka ce emasi ne. Aka koya wa Inna yadda za ta kula da ita, ruwa da yawa, gidan sauro, kada sanyi ya kama ta, da zuwa da wuri in zazzaɓi ya taso. Baba ya yi wata biyu ba ya yi mini magana, kakata kuwa har ta rasu ba ta ƙara cin abincin da na dafa ba. Shekarar karatun aka soke ta gaba ɗaya, ba jarrabawa, ba wucewa, don haka rukuninmu bai taɓa tsayawa gaban aji ya faɗi abin da ya gano ba. Da aka koma, an mayar da Mushe Abdu wani gari can gabas. Lawali ya gan shi a tasha ranar tafiyarsa, ya ce hannun ya warke a karkace. Ban ƙara ganinsa ba, ban kuma yi masa godiya ba.

Bayan kaka Inna ta ce in shirya in raka ta Tsibiri. Muka yi ta tambaya har muka sami gidan wani ɗan ƙanen Iya Kande a bayan gari, kusa da rumbuna. Tana zaune a gindin danga tana tsince kalwa da hannu ɗaya, ɗayan ya shanye, idonta na hagu ya tsiyaye. Inna ta durƙusa, ni ma na durƙusa. Inna ta ce, "Iya, mun zo ki yafe mana." Ni na buɗe baki in faɗi nawa, kuka ya hana ni. Ta daɗe tana tsintar kalwarta kamar ba ta ji ba. Sannan ta tambaya, ba tare da ta ɗago ba, ko jinjirar ta rayu. Inna ta ce ta rayu. "To madalla," in ji ta. "Ku tashi ku tahi, rana tana yi." Iyakar abin da muka samu ke nan. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Damina ta gaba muka ji ta rasu.

Yau Zariya ta zama tsakiyar gari, kangayen duk sun zama benaye, an sare itacen bedin an yi shagon sayar da waya. Nana tana nan, tela ce, tana da ɗa guda, ko da yake kowace damina sai ta kwanta. Baba bai taɓa tayar da maganar nan ba har ya bar duniya. Amma ranar da dangin mijina suka zo neman aurena, ya tsayar da su a zaure, ya ce ba zai karɓi komai ba sai an je an auna jininmu mu biyu, kuma ya faɗa idonsa a ƙasa. Yanzu ana maganar emasi a rediyo, 'yan mata suna sanin ko suna ɗauke da shi a jininsu tun kafin a yi musu baiko, jikokin waɗanda suka riƙe sanduna a lungunmu suna haddace darasin don cin jarrabawa. Ni malamar firamare ce, kuma wani lokaci in na ga yara sun haɗa kai a kan takarda ɗaya suna musu, sai in ji kewar gindin mangwaron nan na Jiratawa, inda mu biyar, ba babba a cikinmu, muka fara sanin cewa ana iya tambayar abu har ya ba da amsa. Gaskiya ta iso gidanmu, sai dai ta tarar mun riga mun zubar da jini.